Sharhi kan Git: Ya San Nasaba, Amma Kada a Rantse da Agogonsa

Na shafe shekaru ina aiki kusan kowace rana da Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen da ake yi wa fayilolin aiki, kuma idan aka tambaye ni ko ya cancanci matsayin da ya samu a wurin masu rubuta manhaja, zan ce ya cancanta ba tare da wata tantama ba. Sai dai wannan sharhi ba zai kewaye Git gaba ɗayansa ba. Fuska ɗaya kawai nake so in auna, wadda ta sha ruɗa ni kuma na ga ta ruɗa waɗanda suka fi ni ƙwarewa, wato yadda yake riƙe lokaci a cikin tarihin aiki, da dalilin da ya sa mutum zai buɗe tarihin rumbu, wato ma'ajiyar aikin, ya tarar da ajiyar ranar Litinin a saman ta ranar Juma'a, ko ya ga ɗa ya girmi mahaifinsa da shekaru. Hukuncina tun daga farko shi ne cewa ginin da ke ƙasa yana da kyau ƙwarai, amma fuskar da Git yake nuna wa mai amfani da shi tana jan mutum ya amince da kwanan wata fiye da yadda Git ɗin kansa ya amince da shi.

Kowace ajiya da mutum ya yi a Git, wadda masu sana'ar suke kira komit, tana ɗauke da hoton fayilolin aikin a daidai wannan mataki, da lambar shaidar komit ɗin da ya gabace ta, wanda shi ne mahaifinta, da saƙon bayani, sannan da sunaye biyu, kowanne da lokacinsa. Suna na farko na marubuci ne, wanda ya rubuta canjin, na biyu kuma na mai shigarwa ne, wanda ya sanya canjin a cikin tarihi. Wannan rabo yana da asali. Linus Torvalds ya fara rubuta Git a watan Afrilu na 2005 domin aikin ƙwayar Linux, wato zuciyar tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, inda mutane suke aiko da gyare-gyarensu ta imel, wani kuma daban ya duba ya shigar da su bayan kwanaki ko makonni. A irin wannan tsari adalci ne a rubuta wanda ya yi aikin da ranar da ya yi shi, a kuma rubuta wanda ya karɓa da ranar da ya karɓa. Junio Hamano, wanda ya karɓi ragamar kula da Git tun watan Yuli na wannan shekarar, bai sauya wannan tushe ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya sauya shi ba.

Lokacin kansa ana rubuta shi ne a matsayin adadin daƙiƙoƙin da suka shuɗe tun daga 1 ga Janairu, 1970, a agogon duniya na UTC, sai a liƙa masa tazarar yankin da mutum yake, kamar +0100 ko -0800. Daga agogon kwamfutar mai aiki ake ɗauko wannan adadi, kuma babu wata sabar da take duba shi ko ta buga nata hatimi a kansa. Wanda ya fito daga Subversion, wata manhajar adana tarihi da ta girmi Git, zai ji wannan a jikinsa, domin a can sabar guda ce take raba lambobin bita ɗaya bayan ɗaya, ita ce kuma take rubuta lokacin, saboda haka bita ta 501 tana bayan ta 500 a lamba, kuma galibi tana bayanta a agogo. Git ya bar wannan tabbaci da gangan domin mutum ya iya aiki ba tare da intanet ba, kuma dubban mutane su iya gina tarihi ɗaya daga kwamfutoci dubu da ba su taɓa daidaita agogonsu da juna ba. Abin da aka samu a musayar ya fi abin da aka rasa, amma an rasa wani abu, kuma ya kamata a ce manhajar tana faɗin haka a fili.

Mafi yawan hargitsin kwanan wata da ake gani ba laifin kowa ba ne, aikin yau da kullum ne yake haifar da shi. A ɗauka mutum ya yi komit uku a reshensa, wato layin aikinsa da ya ware daga babban tarihi: ranar Litinin ya gyara shafin shiga, ranar Laraba ya ƙara gwaji, ranar Juma'a kuma ya gane cewa akwai wani ɗan gyara da ya kamata ya zo kafin duka biyun. Sai ya yi amfani da `git rebase -i` ya mayar da na Juma'a farko, domin wanda zai duba aikin ya karanta shi bisa tsari mai ma'ana. Git zai sake ƙera dukkan ukun, ya bar wa kowanne lokacin marubucinsa yadda yake, ya kuma ba su sabon lokacin shigarwa, wanda sau da yawa daƙiƙa ɗaya ce ga dukkansu tunda kwamfuta tana gama aikin kafin ƙiftawar ido. Idan aka buɗe tarihin daga sama zuwa ƙasa sai a ga Laraba, Litinin, sannan Juma'a a can ƙasa a matsayin kakan sauran. Haka `git cherry-pick` yake yi idan aka tsinko komit daga wani reshe, haka `git commit --amend` yake yi idan aka gyara komit na ƙarshe, haka kuma `git am` yake ɗaukar ranar da ke kan imel ya mayar da ita lokacin marubuci. Duk wannan daidai ne, kuma ina yaba wa Git da bai yarda ya shafe ranar da mutum ya yi aikinsa don kawai an matsar da aikin ba.

Inda nake da babban ƙorafi shi ne abin da `git log`, umarnin da ke nuna tarihi, yake yi idan ba a ba shi wani umarni na musamman ba. Yana jera komit bisa lokacin mai shigarwa, amma abin da yake bugawa a allo lokacin marubuci ne, kuma a gefensa yana rubuta kalmar kwanan wata kawai, ba tare da ya fayyace wanne daga cikin biyun yake nufi ba. Wato yana auna da mudu ɗaya yana nuna wani. Sabon shiga ba shi da hanyar da zai gane akwai lokaci na biyu, balle ya san cewa wanda aka ɓoye masa shi ne yake tafiyar da jerin. Sai ya koyi `git log --pretty=fuller`, wanda yake nuna sunayen biyu da lokutan biyu, sannan abin da ya zata hauka ne ya zama magana mai kan gado. Na daɗe da mayar da wannan siga ta zama ta dindindin a saitin kwamfutata, kuma ina ganin da Git yana nuna lokaci na biyu da kansa duk sanda ya bambanta da na farko, da an rage wa jama'a rabin ruɗanin.

Akwai kuma ruɗanin da ido ne kawai yake yinsa. Git yana nuna kowane komit da agogon yankin wanda ya yi shi, don haka komit na ranar Litinin da ƙarfe 17:30 a yankin -0800 zai zauna a saman na ranar Talata da ƙarfe 09:00 a yankin +0900, kuma yana da gaskiya, domin na farkon ya faru ne da ƙarfe 01:30 na Talata a agogon UTC, na biyun kuma da ƙarfe 00:00, sa'a ɗaya da rabi kafin shi. Umarnin `--date=iso-local` yana juyar da komai zuwa agogon mai karatu, kuma matsalar ta wuce.

Duk abin da na ambata zuwa nan ruɗani ne kawai, babu abin da ya ɓace. Wanda ya taɓa ni da gaske ya faru ne a wani aiki da muke yi mu kaɗan a kan reshe guda. Muna da ɗan rubutu da yake fitar da rahoton mako duk ranar Juma'a ta hanyar `git log --since`, kuma wata Juma'a sai rahoton ya fito da komit huɗu kacal, alhali na san ni kaɗai na tura fiye da haka tun ranar Talata. Abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne wani ya tura da ƙarfi ya goge tarihi, kuma na ɓata kusan sa'a guda ina neman ɓarawon da babu shi. Da na buɗe tarihin ba tare da tacewa ba sai na ga komai yana nan daram, sai dai komit na biyar daga sama yana ɗauke da ranar 1 ga Janairu ta wata shekara da ko fara aikin ba mu yi ba. Wani abokin aikinmu ne ya yi shi a kan tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka wadda ƙaramin batirin da ke riƙe agogonta ya mutu. Ya kunna ta a kan hanya inda babu intanet, ta farka da ranar da aka saka mata tun a masana'anta, ya yi aikinsa ya ajiye, kuma da ya samu intanet sai kwamfutar ta daidaita agogonta da kanta kafin ya lura da komai. Da wani ya riga shi turawa har ya zama dole ya sake dasa reshensa, da lokacin shigarwar ya sabunta, da ba mu taɓa jin labarin ba. Ba wanda ya riga shi, don haka komit ɗin ya shiga yadda yake.

Dalilin da ya sa komit ɗaya ya haɗiye aikin mako guda yana cikin yadda `--since` yake aiki. Mutum yana zaton rariya ce da take duba kowane komit ta ajiye wanda ya cika sharaɗi. Alhali kuwa Git yana farawa ne daga kan reshe yana komawa baya daga ɗa zuwa mahaifi, kuma da zarar ya ci karo da komit da lokacin shigarwarsa ya girmi iyakar da aka ba shi, sai ya ɗauka cewa duk kakanninsa sun fi shi tsufa, ya daina bin wannan hanya. A rumbun da ke da komit sama da miliyan ɗaya, kamar na Linux, wannan dabara ce mai hankali, domin babu wanda yake so ya jira a karanta tarihin shekaru don a nuna masa aikin jiya. Amma zato ne, kuma Git ɗin da yake yin wannan zato shi ne dai wanda ya karɓi komit mai tsohuwar rana ba tare da ya ce uffan ba. Bai yi gargaɗi lokacin ajiya ba, bai yi lokacin turawa ba, bai kuma yi ba lokacin da ya yanke rahoton. Amsar da ta fito gajera cikin shiru ta fi saƙon kuskure haɗari, domin mai karanta rahoton ba shi da alamar da za ta sa ya yi shakka. Sai a siga ta 2.37, a shekarar 2022, aka ƙara `--since-as-filter`, wanda yake ratsa tarihin gaba ɗaya ya tace kamar yadda mutum yake tsammani tun asali. Yana aiki da kyau kuma shi muke amfani da shi yanzu, amma shekara goma sha bakwai jira ne mai tsawo ga abin da kowa ya ɗauka yana da shi.

Game da jerin kansa, ya kamata a yi wa Git adalci. A tarihin da yake miƙe ba tare da rassa ba, mugun agogo ba ya iya juya jerin, domin Git ba ya sanin mahaifi sai ta bakin ɗansa, don haka dole ɗan ya fito tukuna. Kwanan watan ne kawai zai yi kama da shirme, matsayin kowane komit yana daidai. Matsalar tana ɓullowa ne inda rassa suka haɗu, inda Git yake riƙe da layin jira na komit daga hanyoyi da yawa yana zaɓar wanda ya fi sabon lokaci, kuma a nan komit mai gurɓataccen lokaci zai iya sa mahaifi ya bayyana kafin ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Akwai magani har kala uku. `--date-order` yana bin lokacin shigarwa amma ba ya barin mahaifi ya fito sai dukkan 'ya'yansa sun fito, `--author-date-order` yana yin haka da lokacin marubuci, `--topo-order` kuma yana ƙara da cewa ba ya cakuɗa komit na rassa daban-daban, sai ya gama da reshe ɗaya ya koma wani. Wanda ya saba da `--graph` yana samun na ukun ba tare da ya nema ba, kuma ina zargin shi ya sa masu yawan kallon zanen rassa ba sa gane abin da sauran mutane suke kuka da shi. Sunayen dai ba su taimaka ba. Wa zai yi tunanin cewa umarnin da sunansa yake nufin jerin kwanan wata shi ne wanda yake fifita nasaba a kan kwanan wata, alhali jerin da ba shi da suna ne yake bin agogo ido rufe?

Masu gina Git sun san da wannan rauni tun da daɗewa, kuma ana ganin alamar hakan a cikin rubutun manhajar. Wajen lissafa komit da ke tsakanin maki biyu, idan Git ya ga kamar ya gama, yana ƙara taku biyar kafin ya tsaya, ko da akwai wani mai karkataccen agogo a gaba. `git name-rev` kuma yana ba da rangwamen daƙiƙa 86,400, wato kwana ɗaya cur. Waɗannan faci ne, suna tare agogon da ya kauce da 'yan sa'o'i, amma ba za su tare wanda ya kauce da shekaru ba. Gyaran gaske ya fara ne a 2018, da siga ta 2.18, lokacin da aka shigo da fayil ɗin taswirar komit wanda Derrick Stolee ya jagoranci aikinsa. A cikin wannan fayil kowane komit yana da lambar zuriya: komit na farko yana da 1, kowane ɗa kuma yana ɗaukar lambar da ta fi girma a cikin ta iyayensa ya ƙara ɗaya. Irin wannan ƙidaya ba ta tambayar agogon kowa, kuma ba ta yiwuwa ɗa ya zo ƙasa da mahaifinsa. Tunani ne da ya yi kama da wanda masanin kwamfuta Leslie Lamport ya bayyana tun 1978 game da kwamfutocin da ba su da agogo guda, inda abin da za a iya tabbatarwa shi ne wane lamari ya gabaci wane, ba ƙarfe nawa kowanne ya faru ba.

Daga siga ta 2.24, a 2019, Git yana rubuta wannan taswira yana kuma karanta ta da kansa, sannan a siga ta 2.31, a 2021, aka ƙara abin da ya fi burge ni, wato gyararren lokacin komit. Ana ɗaukar lokacin da ke rubuce a jikin komit, idan ya fi na iyayensa sai a bar shi, idan kuma bai fi ba sai a ɗauki gyararren lokacin mahaifin da ya fi sabunta a ƙara daƙiƙa ɗaya. Ta haka aka samu saurin da bin agogo yake bayarwa tare da tabbacin da nasaba take bayarwa. Wannan aiki ne mai kyau da ya cancanci yabo, sai dai mai amfani ya sani cewa a ɗakin injin aka yi shi. Gyararren lokacin yana taimaka wa Git wajen binciken wane komit ya fito daga wane, amma ba ya bayyana a allo, ba ya sauya abin da ke jikin komit, kuma da shi da babu shi rahotonmu na Juma'a zai fito da huɗun nan.

Abubuwan da suka fi muhimmanci a aikin yau da kullum kuwa ba su taɓa jingina da agogo ba, kuma a nan ne darajar Git take. `git bisect`, wanda yake raba tarihi gida biyu-biyu har ya gano komit ɗin da ya shigo da matsala, yana ƙidaya kakanni ne, don haka ya ratsa ta kan komit ɗin abokin aikinmu sau da yawa ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Idan ina so in san ko wani gyara yana cikin wata fitowa, na daina kwatanta ranaku, sai in tambayi `git merge-base --is-ancestor`, wanda amsarsa i ce ko a'a, kuma ba ta canzawa ko da agogon duniya duka ya tsaya. Lambar shaidar kowane komit ana lissafa ta ne daga abin da ke cikinsa, har da lambar mahaifinsa, don haka ba a iya ƙirƙiro ɗa kafin mahaifinsa ya wanzu.

Kwanan wata kuma kowa yana iya rubuta wanda ya ga dama. `git commit --date` yana sauya lokacin marubuci, saitunan GIT_AUTHOR_DATE da GIT_COMMITTER_DATE kuma suna sauya kowanne daga cikin biyun, kuma Git ba ya tambayar dalili. Wannan dama tana da amfani na halal, domin da ita ake kwaso tsohon tarihi daga CVS ko Subversion a zuba shi a Git da ranakunsa na asali. Har raha ana yi da ita: komit na farko a rumbun harshen rubuta manhaja na Go yana ɗauke da sunan masanin kwamfuta Brian Kernighan da shekarar 1972, shekara talatin da uku kafin a rubuta Git, girmamawa ce ga tsatson da harshen ya fito. Amma ƙofar da mai raha ya bi ita ce dai mai ha'inci zai bi. `git fsck` yana duba ko an rubuta lokacin bisa ƙa'idar rubutu, ba ya duba ko gaskiya ne, kuma sa hannu na sirri a kan komit yana tabbatar da wanda ya sa hannun, ba ranar da ya sa ba, tunda shi ma daga agogon mai sa hannun yake ɗaukar lokaci. Wanda yake so ya kafa hujja da ranar komit a kan cewa ɗalibi ya gama aiki kafin wa'adi, ko cewa ma'aikaci ya rubuta wani abu kafin ya bar aiki, yana jingina da zana ne. Hujjar tana wurin bayanan sabar da ta karɓi turawar, ko wurin hukumar buga hatimin lokaci mai zaman kanta irin wadda ƙa'idar RFC 3161 ta tsara.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne kayan aikin da aka gina a kan Git sun ɗauki wannan lokaci da muhimmancin da shi Git bai ba shi ba. Masu son gina manhaja ta yadda za ta fito iri ɗaya a kowace kwamfuta suna yawan cika SOURCE_DATE_EPOCH, saitin da ke faɗa wa kayan gini wane lokaci za su rubuta, da lokacin komit na ƙarshe. Tsarin kunshin Go yana ƙera lambar siga ga komit marar laƙabi daga lokacinsa a UTC, tun daga shekara har daƙiƙa, kuma da wannan lamba ake tantance wanne ya fi sabunta. A irin waɗannan wurare ranar da ta yi gaba ta fi wadda ta yi baya ɓarna, domin komit da ya ce an yi shi shekara biyar nan gaba zai ci gaba da zama sabo a idon duk abin da ke jera abubuwa bisa lokaci har shekarun su cika. Ko jerin rassa da `git branch --sort=-committerdate` yake bayarwa, irin wannan komit zai kafe reshensa a saman jerin ko da an yi watanni ba a taɓa shi ba.

Gyara bayan an tura yana da tsada, kuma tsadar ta fito ne daga abin da na yaba a baya. Tunda lokacin yana cikin abin da ake lissafa lambar shaida da shi, sauya daƙiƙa ɗaya yana sauya lambar komit ɗin, wanda yake sauya ta ɗansa, har zuwa jikan ƙarshe. `git filter-repo` yana yin wannan aiki da sauri da tsafta, kuma shi ne takardun Git suke nuna wa mutum a maimakon tsohon `git filter-branch`, amma bayan an gama dole kowa ya watsar da kwafinsa ya ɗauko sabo, duk wata lamba da aka ambata a rahoton matsala ta zama maraya, sa hannun da ke kan tsofaffin komit kuma ya faɗi. Akwai kuma `--committer-date-is-author-date` da wasu suke sa wa `git rebase` domin tarihi ya yi kyan gani. Ina ba da shawarar a yi hattara da shi, domin idan an sauya jerin komit ko an dasa tsohon reshe a kan sabon tushe, yana ƙera daidai irin komit ɗin da yake yanke `--since`, wato ɗa mai lokacin shigarwa da ya girmi na mahaifinsa.

Mu dai mun auna mun ga cewa sake rubuta tarihi saboda komit ɗaya bai kai wahalarsa ba. Mun sauya rubutun rahoton, abokin aikinmu ya sauya batirinsa, sannan muka sa ƙugiyar `pre-receive` a sabar, rubutu ne da sabar take gudanarwa kafin ta karɓi turawa, bai kai layi ashirin ba, wanda yake ƙin karɓar duk komit da lokacin shigarwarsa ya wuce agogon sabar da fiye da kwana ɗaya, ko ya gaza na mahaifinsa da fiye da kwana ɗaya, ya kuma gaya wa mai turawa ya duba agogonsa ya sake ajiya. Cewa sai da muka rubuta wannan da hannunmu, alhali Git yana da lokacin mahaifi a gabansa a duk sanda yake ƙera ɗa, shi ne abin da har yanzu nake riƙe da shi a kansa. Ƙugiyar ta kama mutum biyu tun daga lokacin, ɗayansu injin gwaji ne da aka farfaɗo da shi daga tsohon kwafinsa da aka adana, da agogonsa na ranar da aka ɗauki kwafin. Komit ɗin 1 ga Janairu kuma yana nan a wurinsa, tsakanin wani na ranar Laraba da wani na ranar Alhamis, kuma `git blame`, mai nuna wanda ya rubuta kowane layi da ranar da ya rubuta, yana ci gaba da nuna cewa an rubuta layukan wannan komit tun kafin a buɗe rumbun.